Tattabarun Baffa

A kusurwar gabas ta gidanmu da ke Jambutu, bayan madafi, akwai wani ɗan ɗaki na jar ƙasa wanda tsawonsa bai wuce taku biyar ba. A cikinsa an jera tsofaffin tukwane a jikin bango, an kwantar da su bakinsu yana duban ƙofa, kowace tukunya da ma'auratanta. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan ya san cewa da an sallame sallar asuba, abin da kunne zai fara ji shi ne kukan tattabaru da karkaɗa fukafukansu, suna jiran a buɗe musu.

Ɗakin na Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe mu tun muna ƙanana bayan rasuwar mahaifin namu. Allah bai ba shi haihuwa ba. Da ya rasu a daminar 2023, ya bar tattabaru 46, ya kuma bar mu mu uku, ba wanda yake da lokacinsu. Babbanmu yana Duwala yana tuƙin babbar mota, autanmu yana koyarwa a Ngaundare, na tsakiya ne kaɗai ya rage a gida tare da Inna, shi ma shago ya riƙe shi daga safe har dare. Bayan addu'ar bakwai wani mai sayar da kaji ya zo ya yi tayin kwashe su gaba ɗaya, mun kuwa san cewa rabinsu a tukunyar farfesu za su ƙare. Wani ɗan uwa ya ba da shawarar a rushe ɗakin a gina shago mai fuskantar titi, a riƙa samun kuɗin haya. Shawarar tana da ma'ana, mu ma mun ga haka. Duk da haka muka kwana uku muna juya maganar a zaure ba mu yanke ba. Dalilin wannan jinkiri shi ne muke so mu ba ku labarinsa, 'yan uwa, domin muna ganin ya shafi fiye da gidanmu.

A garin nan ba a ɗauki mai tattabara da wani muhimmanci ba. Mai kiwon tumaki ana cewa yana sana'a, mai kaji ana cewa tana da dabara, amma magidanci da zai tsaya a tsakar gida yana ɗaga kai sama yana fito, ana yi masa kallon wanda ya rasa abin yi. Malamai ma sun daɗe suna jan kunne a kan wasa da tattabara, saboda abin da yakan jawo na hawa rufi da leƙen gidajen mutane, da caca, da shagala har lokacin sallah ya wuce. Baffa ya san duk wannan, shi ya sa ranar da ya fara barinmu mu shiga ɗakin ya gindaya mana sharuɗɗa uku. Ba hawa katanga ko rufi, ba sa kuɗi a kan tsuntsu, kuma tattabarar maƙwabci in ta shigo cikin namu, a kama ta a mayar masa kafin magariba. Inna ba ta so ba da farko. Abin da ya sanyaya mata zuciya shi ne maganar da ta ji daga iyayenta, cewa tattabara ba ta zama a gidan da ake yawan faɗa.

Kuskurenmu na farko mun yi shi a 1999. Mun yi watanni muna sayar da ruwan sanyi a bakin filin wasa na Rumde Ajiya ranakun da Coton Sport ke wasa, muna tara kuɗin a gwangwani. Wata Lahadi muka tafi kasuwar Pitowa ba da sanin Baffa ba, muka sayo manyan tattabaru biyu, mace da namiji, masu launin toka da baƙaƙen zane biyu a kowane fiffike, ƙirjinsu faffaɗa, idonsu ja. Muka kulle su mako uku muna ɗura musu gero, har muka tabbatar wa kanmu cewa sun saba. Ranar da muka buɗe musu, sun tashi sun zagaya gidan sau biyu, suka miƙe arewa maso gabas, ko waiwaye ba su yi ba. Lahadin da ta biyo muka koma Pitowa, sai ga su a kwandon mutumin da ya sayar mana, suna tsattsagar dawa hankali kwance.

Mun dawo muna huci, muna cewa an cuce mu. Baffa ya bari muka gama, sannan ya ce, “Yara, ba wanda ya cuce ku. Wanda ya sayi tsohuwar tattabara, ƙwanta ya saya.” Ya raka mu wurin mutumin, suka gaisa, aka mayar mana da tsuntsayenmu ba gardama. Wannan karon Baffa ya ware musu wuri a rufe, ba su ƙara ganin sarari ba sai ta raga. Suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka tashi a ɗakinmu, kuma ko sau ɗaya ba su nufi Pitowa ba. A nan muka fara gane cewa gida yana shiga tattabara ne tun tana 'yar shila, a makonnin da ta fara leƙo kai waje tana duban sama. Wurin da ta fara sani a lokacin nan shi za ta nema har ta mutu.

Daga nan karatu ya fara sosai, kuma yawancinsa shara ne da ɗibar ruwa. Tattabara ƙwai biyu take yi, kwanci kuwa kimanin kwana 18 ne. Mace da namiji suna karɓa-karɓa: shi yakan hau ƙwan daga hantsi zuwa la'asar, ita ta kwana a kai. Idan 'yan shila suka fito, tsirara kuma ido a rufe, iyayen duka biyu suna ciyar da su da wani farin abu mai kauri kamar kindirmo, wanda ke fitowa daga jakar abinci da ke wuyansu. Bayan 'yan kwanaki sai su fara haɗa musu da hatsin da ya jiƙa. Cikin mako huɗu ɗan shila ya yi gashi, ya fara tsince da kansa. Tun yana ɗan mako guda Baffa yake zura masa ɗan zoben roba a ƙafa, kowace shekara da launinta, domin in ƙafar ta girma zobe ba ya shiga, wanda ya shiga kuma ba ya fita.

Abinci gero ne da dawa, da fasasshiyar masara kaɗan, a ƙara wake ga masu 'ya'ya, a ba wadda za ta yi doguwar tafiya 'yar gyaɗa saboda maiƙonta. Tunda tsuntsu ba shi da haƙori, ƙundunsa ne ke niƙa, don haka kullum akwai kasko a gefe da ƙananan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai da jar ƙasa da ɗan gishiri. Ruwa kuwa shi ne abin da Baffa ya fi tsananta mana a kai. Kaza tana kurɓa ne ta ɗaga kai, tattabara kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa, saboda haka guda ɗaya mai ciwon maƙogwaro ta isa ta shafa wa ɗaki duka ta hanyar kaskon sha. Sau biyu a rana ake zubar da ruwan a wanke kaskon. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, sau uku ne, a kuma ajiye musu faffaɗan kwano su yi wanka a inuwa.

Cututtukansu mun san su ne ta hanyar asara. Akwai wadda ke tara wani rawayan abu a maƙogwaro har ɗan shila ya kasa haɗiya. Akwai ƙurajen da sauro ke kawowa da damina, a gefen baki da ido, mu kuwa da muke kusa da Binuwai ba ma rabuwa da sauro. Wadda ta fi muni ita ce mai murɗe wuya, 'yar uwar annobar da ke share kaji, inda za ka ga tsuntsu yana kai baki ga hatsi yana kuskurewa. Wata shekara an yi wa Baffa kyautar namiji guda mai kyan gani, ya sa shi cikin sauran a ranar, cikin wata ɗaya muka binne fiye da rabin ɗakin. Tun daga nan baƙon tsuntsu sai ya yi mako uku shi kaɗai a keji kafin a haɗa shi da na gida. Tun daga nan kuma Baffa ya daina raina likitan dabbobi. Yakan ce abin kunya ne a ce babban ɗakin binciken lafiyar dabbobi na ƙasa, wato LANAVET, yana nan Bokle a gefenmu ana haɗa rigakafin shanu da na kaji, mu kuma muna zaune muna jiƙa ɓawon itace muna jiran ikon Allah. Sauran abokan gaba sanannu ne: muzuru da dare, ɓera mai shan ƙwai, maciji da damina, shaho a sama.

Horo yana farawa ne daga gwangwani. Baffa yana da wani tsohon gwangwanin madara da yake zuba hatsi a ciki ya kaɗa, yana haɗawa da fito iri ɗaya, kuma ba ya taɓa ba su abinci sai da wannan kira, ba ya kuma ba su a waje sai a cikin ɗaki. Ɗan shila da ya tashi da haka, in ya ji gwangwani ko yana ƙololuwar sama sai ya sauko. Kafin a fara sakin ƙanana, ana ɗora su a kejin waya a kan ɗakin na 'yan kwanaki, su ƙare wa unguwa kallo: ga bishiyar dalbejiya, ga hasumiyar masallaci, ga rufin maƙwabta. Sakin farko da yamma ake yi, suna jin yunwa, don kada su yi nisa. Bayan makonni suna tashi tare da manya suna zagaye, wata rana sai ka ga garken ya ɓace daga ido na awa guda ya dawo. To, a lokacin ne kwando ke shigowa.

Tafiyar farko ba ta wuce ƙarshen unguwa. Ta biyu gadar Binuwai. Daga nan Pitowa, mai nisan kimanin kilomita 15 daga Garwa, sai Ngong ta kudu, sai Lagdo. Kowane zango sai an maimaita shi har sun riƙa riga mai babur isowa gida, sannan a ƙara nisa. Da sassafe ake saki, bayan an ajiye kwandon a fili na ɗan lokaci sun huce daga jijjigar hanya sun ga inda rana take. Ba a saki cikin ruwa, ba a saki da tsakar rana, ba a saki cikin hazo. Masu bincike sun nuna cewa tattabara tana auna hanya da matsayin rana, tana jin maganaɗisun ƙasa, tana amfani da ƙamshin da iska ke ɗaukowa, idan kuma ta kusa gida sai ta koma ga abin da idonta ya sani. A jami'ar Oxford ta Ingila an ɗaura musu 'yar na'urar bin sawu, aka ga cewa a hanyar da suka saba har titin mota suke bi. Namu kuwa muna ganin kogi ne jagoransu, da dutsen Tingilin.

Sai dai sanin hanya daban, gaggawar komawa daban. Baffa yakan ce ba wanda ke koya wa tattabara gudu, abin da mai kiwo ke iyawa shi ne ya sa ta ƙagu ta dawo. Wadda ta bar ƙwai ko 'yan shila a tukunya ba ta tsayawa kiwo a gonar kowa. Namijin da ya san matarsa tana jiransa ba ya sauka a rufin wani.

Tserenmu ba shi da ƙungiya ko rajista. Gidaje biyar ko shida ne daga Jambutu da Yelwa da Hausare, a tara kwanduna a ba mutum ɗaya amintacce ya kai su, a yi alkawarin ƙarfe nawa zai buɗe. Da wayar hannu ta zo sai ya zama yana kira ya ce ya saki. Wadda ta ci ita ce wadda ta shiga ɗaki, domin wadda ta iso ta zauna a rufi tana gyaran gashi ba a lissafa ta. Tunda gidajen ba nisansu ɗaya ba, gardama ba ta ƙarewa, kuma gardamar ce ladan wasan, don ba a sa ko sisi. Mutanen Beljiyam, waɗanda suka mayar da abin wasa mai tsari tun farkon ƙarni na 19, sun kashe irin wannan gardama da lissafi: ana auna nisan kowane ɗaki daga wurin saki, a raba da mintocin da tsuntsu ya yi, wanda ya fi yawan mita a minti shi ya ci. Tun kafin su, sarakunan Musulmi sun yi amfani da wannan hali na tattabara wajen aika wasiƙa. Nuruddin ya tsara haka a Sham a ƙarni na 12, sarakunan Mamluk na Masar suka faɗaɗa shi, kuma lokacin da aka yi wa birnin Faris ƙawanya a 1870 tattabaru ne suka riƙa shigar da saƙo. A duk waɗannan, wasiƙar hanya ɗaya take bi. Sai an ɗauki tsuntsu an kai shi nesa, shi kuma ya kawo ta gida.

A watan Nuwamba na 2020 labari ya zo cewa an yi gwanjon wata tattabara 'yar Beljiyam mai suna New Kim, wani mutumin ƙasar Sin ya saye ta a kan yuro miliyan 1.6. Autanmu ya buga lissafi ya ga kuɗin ya haura sefa biliyan ɗaya, ya karanta wa Baffa yana jiran ya ga ya riƙe baki. Baffa ya tambaya, “Wanda ya saya, zai iya buɗe mata ƙofa ta tashi?” Aka ce masa a'a, ajiye ta zai yi ta yi masa 'ya'ya. Ya yi murmushi ya ce, “Ashe shi ma ƙwai ya saya, kamar ku a Pitowa.”

Akwai abin da muka yi wanda har yau in mun tuna sai mu yi shiru. A hunturun 2008 ne, mun zama samari, muna ganin mun fi Baffa sanin zamani. Mun daɗe muna so mu gwada Gidar, mai nisan kusan kilomita 100 ta hanyar mota, shi kuma yana cewa a bari hazo ya wanke. Da ya tafi Yola ta'aziyya, muka cika kwando da guda takwas mafi kyau. Cikinsu har da wata mace da yake kira Toka, jikar waɗancan na Pitowa, wadda take da 'yan shila 'yan kwana shida. Mun san abin da muke yi da muka ɗauke ta. Mun zaɓe ta ne don mun san za ta ƙagu.

Na tsakiyarmu ne ya kai su. Ya ce da ya buɗe kwandon ƙarfe takwas na safe, rana kamar farin faranti take a cikin ƙura, tsuntsayen suka yi ta zagaye sun fi minti goma kafin su ɓace. Tafiyar da bai kamata ta wuce awa biyu ba, har azahar ba ko ɗaya. Da la'asar uku suka faɗo, bakinsu a buɗe. Washegari biyu. Sauran ukun shiru, har da Toka. Namijinta ya yi ta ciyar da 'ya'yan shi kaɗai, amma sanyin dare ya kashe ɗaya, ɗayan kuma Inna ce ta ɗauke shi ta sa a ƙwarya da tsumma, tana jiƙa gero tana ɗura masa da yatsa, ita da ta ce ba ruwanta da tsuntsaye.

Baffa ya dawo a rana ta uku. Ya shiga ɗakin, ya ƙirga, ya fito, bai ce mana komai ba. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi. Kowace yamma bayan kowa ya shiga ya ci, sai ya tsaya a tsakar gida shi kaɗai yana kaɗa gwangwani yana fito, har a kira magariba. A rana ta tara, da hantsi, Inna ta ga wani abu a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin. Toka ce, ba wutsiya, ƙirjinta a tsage inda shaho ya kai mata cafka, ta rame har ƙashin ƙirjin ya fito kamar wuƙa. Ta sha ruwa kamar ba za ta daina ba, sannan ta ja jiki ta shiga tukunyarta. Baffa ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya ɗinke shi da allura da zare, babbanmu yana riƙe da ita hannunsa na rawa. A daren nan ne ya yi mana magana, gajeriya. Ya ce, “Ita ta cika alkawarinta. Abin da ya amince da kai har ya yarda ka sa shi a kwando, ba ka da ikon jefa shi inda kai ba za ka iya fita ba.” Toka ta yi shekara shida bayan haka, ba a ƙara kai ta ko gada ba. Sauran biyun ba mu sake ganinsu ba.

Waɗannan abubuwa ne suka riƙa dawo mana a kwana ukun nan na zaure, kuma daga maganar tsuntsaye sai muka tsinci kanmu cikin maganar kanmu. Kakanmu daga ƙasar Kano ya taso, ya biyo ta Yola da fataucin tufafi da fata, a zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina har tashar Garwa. A nan ya yi aure, a nan ya yi gida, a nan aka binne shi, amma waɗanda suka san shi sun ce har ya tsufa bai daina cewa in ya kammala abin da yake yi zai koma ba. Mu kuwa a nan aka yanke mana cibiya. Mun yi boko da Faransanci, muna ciniki da Fillanci, muna mafarki da Hausa. Kowannenmu ya taɓa tsayawa a shingen hanya ko gaban wani tebur, katin ɗan ƙasa yana hannunsa, a dubi sunansa a ji harshensa a tambaye shi ko daga Najeriya yake, alhali unguwar Hausare kaɗai ta isa shaida cewa ba jiya Hausawa suka zo garin nan ba. In kuma muka je Kano ziyara, da mun buɗe baki sai a ce ga 'yan Kamaru. Da can wannan yana yi mana ciwo, kamar ba mu da wurin da za mu ce namu ne ba tare da an nemi hujja ba.

Ɗakin Baffa ya daɗe da ba mu amsa, mu ne ba mu lura ba. Kaka shi ne tsohuwar tattabarar da zuciyarta ke Pitowa, ba kuma laifinsa ba ne. Mu ne ƙwan. Samaniyar da muka fara gani ta Garwa ce, kuma in an kai mu Duwala ko Yawunde aka buɗe kwando, nan muke nufowa. Wannan bai shafe asali ba. Shekara 24 bayan waccan Lahadi, baƙaƙen zanen nan biyu suna nan a fukafukan fiye da rabin tsuntsayen ɗakin, duk da cewa ba ɗayansu da ya san gidan da kakanninsa suka fito.

Amma akwai rabin darasin da ya fi nauyi, wanda shi ne ya hana mu sayarwa. Baffa yakan ce ƙyanƙyasa a ɗakinka ba ta isa ba. Tattabarar da ke kwana da yunwa, ko cikin ƙazanta da cunkoso, ko inda muzuru ke kai hari kowane dare, wata rana za ta bi garken maƙwabci ta sauka can, ta yi miji, ta zauna. Muka dubi 'ya'yanmu. Muna yi musu magana da Hausa suna amsawa da Faransanci ko Fillanci. Ba mu ga laifin waɗannan harsuna ba, na ƙasarmu ne da maƙwabtanmu da surukanmu, kuma da su yaran za su ci abinci. Abin da muka tambayi kanmu shi ne me yaro ke samu da Hausa a gidajenmu ban da faɗa da aike. Tatsuniya ta tafi da kakanni, hira ta koma cikin waya. In duk abin daɗi da wani harshe yake zuwa masa, to, da wane gwangwani za mu kira shi?

A cikin kwanakin makokin nan, ɗan babbanmu mai shekara tara, haihuwar Duwala, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya tambayi sunan tsuntsayen da Faransanci, domin bai san kalmar tattabara ba. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa komai. Ya bi 'yan uwansa na gida yana ɗibar ruwa yana shara, kafin kwana uku muka ji shi yana ƙwala wa Inna kira cewa ɗan shila ya faɗo daga tukunya, a kawo gero. Da Hausa ya faɗa, da karin harshen Jambutu. Babbanmu ya juya fuska bango.

Ba mu rushe ɗakin ba. Mun rage su zuwa 30 don aikin ya yi sauƙi, muka raba 16 ga abokan Baffa, ko da yake huɗun da muka kai Yelwa kafin mako ya zagayo sun dawo, mu da muka fi kowa sanin za a yi haka. Babbanmu ya ɗauki nauyin buhun gero, autanmu ya ɗauki rigakafi da magani duk hutun makaranta, na tsakiya yana buɗe ƙofa bayan asuba kafin ya tafi shago. Kiran yamma na yara ne, da gwangwanin Baffa, kuma sharuɗɗan nan uku suna nan yadda ya bar su. Mun ƙara na huɗu: a ƙofar ɗakin tattabaru Hausa ake yi.

Da Babbar Sallar da ta wuce mun haɗu mu uku da iyalanmu. Kwana biyu bayan yanka muka ɗauki ƙanana shida da aka ƙyanƙyashe bayan rasuwar Baffa, muka kai su Pitowa da yara, gari garau ba ƙura. Ɗan Duwala ne ya buɗe kwandon. Suka tashi suka zagaya sau biyu, suka miƙe kudu maso yamma, mu kuma muka rugo mota yara suna ta ihu a yi sauri. Muna shiga gida muka tarar da Inna zaune a kan tabarma a gefen ɗakin, kwanon gero a cinyarta. Ta ce, “Kun makara. Duka shida sun shiga, har sun sha ruwa.”

Duk wanda yake da yara a gida da ɗan fili a bayan madafi, daga Jambutu ne ko Yelwa ko Hausare, ya zo mu ba shi 'yan shila biyu kyauta. Manya kam ba za mu ba shi ba, don kada mu wahalar da shi da zirga-zirga. Allah ya jiƙan Baffa da iyayenmu baki ɗaya, ya sa 'ya'yanmu su san hanyar gida.